Tarihin Rembrandt, mai zanen attajiran Holan

An haifi Rembrandt ran 15 ga Yuli, 1606, a garin Leiden na ƙasar Holan, mahaifinsa mai injin niƙa ne. Wajen 1631 ya koma Amstadam, birnin da fatauci ta teku ya cika da kuɗi. A zamanin babu kyamara, sai attajiri ya biya mai zane ya fito da kamanninsa. Mu da ke Awendjé mun san irin wannan, don ran sallah ba a tsayawa gaban mai hoto sai da sabuwar shadda da agogo.

A 1634 ya zana wasu ma'aurata, Maerten Soolmans da Oopjen Coppit, kowa a tsaye daga kai har ƙafa, girman mutum, irin zanen da a da sai 'yan sarauta ake yi wa. Baƙaƙen kaya suka sa, kuma kada mai karatu ya ɗauka tawali'u ne, domin baƙin rini mai kyau tsada gare shi a lokacin. Ga leshi a wuya, ga lu'ulu'u. Dukiyar gidan Soolmans kuwa daga matatar sukari ta fito, sukarin da bayi 'yan Afirka ke noma rakensa a Barazil. 'Yan Holan sun ƙwace Elmina a 1637, sannan tsibirin Sao Tome, maƙwabcinmu, a 1641. Wannan ɓangare ba ya cikin zanen.

Abin da ya ba mu mamaki, shi ma Rembrandt ya faɗa tarkon nuna arziki. Ya auri Saskia a 1634, a 1639 ya sayi gida kan gilda 13,000, akasari bashi, ya cika shi da tsofaffin makamai da zane-zane da kayan tarihi. Saskia ta rasu a 1642. A 1656 bashi ya ci shi, aka yi gwanjon kayansa, gidan ma ya tafi, ya koma haya.

Ya rasu ran 4 ga Oktoba, 1669, aka binne shi a cocin Westerkerk, kabarinsa ko suna babu. A 2016 Faransa da Holan suka haɗa kuɗi yuro miliyan 160 suka sayi zanen ma'auratan nan biyu.