SARDAUNA DA WASAN KURKET

Da na zo hutu gida Sandamu na bi ta tsohuwar makarantarmu, sai na tarar filin da muke jefa ƙwallo ya zama gonar gyaɗa. Wannan ne ya sa na ce bari in tuna mana da wani mutum wanda duk girman aikinsa bai raina wasa ba, wato Alhaji Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Allah ya ji ƙansa.

A Rabah aka haife shi, daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan karatun allo da makarantar boko ta Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fita a 1931. Wannan kwaleji ita ce Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya, inda ta zama Barewa. A can ne malamai Turawa suka koya wa yaran kurket da kuma wasan ƙwallon bango, wanda suke kira faifs.

To, ga waɗanda suka manta, ga yadda kurket take. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa sanduna uku, an ɗora musu 'yan itatuwa biyu a kai. Mai jifa yana neman ya kayar da su, mai riƙe da faffaɗar sanda yana tsare su. In ya doki ƙwallon, shi da abokinsa sai su ruga su yi musayar wuri, an ci ɗaya ke nan. In ta gangara ta ƙetare iyaka an ci 4, in ta ƙetare a sama ba ta taɓa ƙasa ba an ci 6. Bayan jifa shida sai wani ya karɓa daga ɗaya ɓangaren. Ƙwallon kuwa fata ce aka ɗinke kan abu mai tauri. Wanda ta taɓa samu a ƙauri ya san dalilin ɗaura kariya a ƙafa. Ni dai har yau ban manta ba.

A ganina faifs ta fi dacewa da halin Sardauna: bango uku, mutum biyu da biyu, a doki ƙwallo da tafin hannu, ba ɓata lokaci. Bai daina buga ta ba har bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuma ya taimaka wajen bunƙasa wasan a garuruwa irin su Sakkwato da Katsina da Kaduna.

Sauran tarihin kun san shi. Ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya kafa jami'ar Zariya a 1962. Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, tare da matarsa Hafsatu.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar filin nan cikin ajandar taro mai zuwa. Ni na ɗauki nauyin sanduna biyu da ƙwallo.