Johannes Kepler, Mai Lissafin Tafiyar Taurari

An haifi Kepler a ƙasar Jamus cikin 1571. Agana ta raunana masa ido tun yana yaro, saboda haka da lissafi ya bi taurari, bisa awon da maigidansa Tycho Brahe ya bari. Cikin 1609 ya bayyana cewa hanyar da Mirrihu ke bi kewaye da rana ba da'ira ce sosai ba, ta ɗan miƙe kamar ƙwai. Cikin 1619 ya fitar da ƙa'idar sanin tsawon shekarar tauraro daga nisansa da rana. Shekarar Mirrihu kwana 687 ce. In muka auna shekarunsa 58 da ita, 31 ke nan kacal. Ya rasu a Regensburg cikin 1630, ya je biɗar albashin da ya daɗe yana bin Sarki, bai kuwa samu ba.