Bohdan Khmelnytsky: Daga rikicin gona zuwa raba ƙasar Yukren

Mai karatu, idan ka ɗauki takardar kuɗin Yukren ta hirifniya 5, hoton da za ka gani na Bohdan Khmelnytsky ne, jagoran Kosakawa wanda ya girgiza haɗaɗɗiyar daular Polan da Lituwaniya. Mutanen Yukren da dama uban ƙasa suka ɗauke shi, Yahudawa kuwa har yau suna tunawa da shi cikin manyan masu zubar musu da jini. A ganina, kowannensu da gaskiyarsa.

An haife shi wajen 1595. A yaƙin Cecora na 1620, inda ya yi wa Polan faɗa, Turkawa suka kashe mahaifinsa, shi kuma suka tsare shi shekara biyu. Da ya dawo ya ci gaba da hidimar sarki, har bayan dokar 1638 wadda ta ƙwace wa Kosakawa ikon zaɓen shugabanninsu, ta ƙayyade sojojinsu masu rajista a 6,000. Wato dai mutumin nan bai tashi da aƙidar tawaye ba.

Zaluncin wani ɗan ƙaramin jami'i ne ya sauya shi. Daniel Czaplinski, mataimakin hakimin Chyhyryn, ya far wa gandunsa na Subotiv, ya ƙwace, ya sa aka yi wa ɗansa dukan kawo wuƙa. Bohdan ya kai ƙara kotu, ya kai kuka fada, babu wanda ya share masa hawaye. A ƙarshen 1647 ya tsere sansanin Kosakawa na Zaporizhiya, farkon 1648 suka naɗa shi shugaba.

A nan basirarsa ta fito. Kosakawa gwanaye ne a yaƙin ƙasa: su ɗaure kekunan kaya da sarƙa su yi ganuwa, su haƙa ramuka, su yi ta ruwan wuta da bindiga daga ciki. To amma a fili ba su iya tare barade masu sulke na Polan. Sai ya nemi dawaki wurin Islam Giray na Uku, sarkin Tatarawan Kirimiya, Musulmi mai biyayya ga Daular Usmaniyya. A watan Mayun 1648 suka karya rundunar Polan a Zhovti Vody da Korsun, suka kama manyan kwamandojinta biyu. A watan ne kuma Sarki Wladyslaw na Huɗu ya mutu, ƙasa ta zauna ba mai riƙo. Manoma suka tashi, aka karkashe masu gandaye da limaman Katolika da dubun-dubatar Yahudawa, musamman a Nemyriv da Tulchyn. Masu kare shi kan ce wutar ta fi ƙarfinsa, ni dai ban ga yadda za a wanke wanda ya kunna ta ba. Kuma ladan Tatarawa bayi ne, galibi daga cikin talakawan da ake cewa an zo 'yantawa.

Sarkin Kirimiya bai so Polan ta mutu ba, bai kuma so Kosakawa su yi ƙarfi ba. A Zboriv a 1649, ana gab da murƙushe rundunar Sarki Jan Kazimierz, sai ya sasanta da Polan, dole Bohdan ya karɓi yarjejeniyar sojoji 40,000. A Berestechko a 1651 kuwa, Tatarawa suka janye ana tsakiyar faɗa, da Bohdan ya bi su don ya dawo da su sai suka riƙe shi. Aka ragargaza rundunarsa, rajista ta koma 20,000. Ya rama a Batih a 1652, inda aka yanka dubban fursunonin Polan.

Gudun gara ya kai shi gidan zago. A Janairun 1654, a Pereyaslav, ya shiga inuwar Sarki Alekisi na Mosko. Kafin Kosakawa su rantse, suka nemi jakadan Mosko, Vasily Buturlin, ya rantse a madadin ubangidansa cewa zai kiyaye musu haƙƙoƙinsu. Ya ƙi, don a al'adarsu sarki ba ya yi wa talakawansa rantsuwa. Bohdan ya fice cikin fushi, ya dawo, shi da Kosakawa suka rantse ba tare da rantsuwar Mosko ba. Shi ƙawance ya ɗauki abin, kamar wanda ya ƙulla da Kirimiya, Mosko kuwa mubaya'a ta rubuta. Shekara biyu kacal, a 1656, Mosko ta tsagaita wuta da Polan a Vilnius, ba a ko bar wakilansa sun shiga zauren ba.

Ya mutu a Chyhyryn a 1657 yana neman ƙawance da Suwidin. A 1667 Mosko da Polan suka raba Yukren a kan kogin Dnipro. A 1954, da sunan bikin cika shekara 300 da Pereyaslav, gwamnatin Sobiyet ta mayar da Kirimiya ƙarƙashin Yukren, yankin da Rasha ta mamaye a 2014.