Rose Kushner, Matar Da Ta Ƙi A Yanke Mata Shawara Tana Barci

An haifi Rose Kushner ran 22 ga watan Yuni, 1929, a birnin Baltimore ta ƙasar Amurka. Iyayenta Yahudawa ne baƙi daga gabashin Turai, kuma tun tana ƙarama suka rasu, 'yan'uwa suka riƙe ta. Ta so ƙwarai ta koyi aikin likita, amma hali bai yi ba. Ta yi aure cikin 1951, ta haifi 'ya'ya uku, sa'an nan ta kama aikin rubutu a jarida, har ta je Biyetnam cikin 1967 lokacin yaƙi. Sai a 1972 ta sami digirinta.

Cikin watan Yuni na 1974 ta ji wani ɗan ƙullutu a nononta. To, a zamanin nan ga yadda al'adar asibitocin Amurka take. Za a sa wa mace maganin barci, a yanki ɗan nama a duba da madubin likita, in an ga ciwon daji ne, nan take likitan fiɗa ya zarce ya cire nonon ɗungum, da tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hamata, bisa hanyar da Likita William Halsted ya kafa tun wajen 1894. Watau mace ta kwanta ba ta san abin da za ta tarar ba, sai ta farka ta shafa ƙirji ta ji labari. Sau da yawa hannu ya kumbura, ƙirji ya lotsa har iyakar rai.

Ita kuwa Rose da ma mai bincike ce. Ta shiga ɗakin littattafan likitoci ta yi ta karatu, ta gane babu abin da zai ɓaci in an dakata 'yan kwanaki tsakanin dubawa da fiɗa. Ta dage sai an duba tukuna, a tashe ta, a gaya mata, ta yi shawara. Likitoci da dama suka ƙi ta, waɗansu har da fushi, don ba su saba majiyyaci ya ja da su ba, balle mace. Da ƙyar ta sami Likita Thomas Dao a Buffalo, ya cire nonon ya bar mata tsokar ƙirji.

Da ta warke ba ta zauna ba. Cikin 1975 ta wallafa littafi a kan abin da ya same ta da abin da ta bincika, ta kuma buɗe wurin ba mata shawara, ana bugo waya, ana aiko wasiƙu dubbai. Takan kutsa taron manyan likitoci ta tashi ta jefa musu tambaya, har aka yi ta yi mata kallon mai tsaurin ido. Amma fa ba da ka take magana ba, da hujja take zuwa.

A 1979 Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka ta kira taron masana, aka sa ta cikin masu yanke shawara, ita kaɗai ce ba likita ba. Taron ya ce fiɗar Halsted ta daina zama dole ga ciwon da aka tara da wuri, kuma da matsawarta aka yarda a raba dubawa da fiɗa. Shugaba Jimmy Carter ya naɗa ta cikin majalisar ba da shawara kan ciwon daji a 1980. A 1985 gwajin Likita Bernard Fisher ya nuna mata da yawa, in an cire ƙullutun kaɗai aka bi da gashin na'ura, tsawon ransu ɗaya ne da na waɗanda aka cire wa nono.

Ciwon ya komo mata a 1981, duk da haka ta ci gaba da zirga-zirga a Majalisar Dokoki, tana neman gwamnati ta riƙa biya wa tsofaffin mata kuɗin hoton nono. Ta rasu a Washinton ran 7 ga Janairu, 1990, tana da shekara 60. Dokar ta fara aiki cikin Janairu na 1991.