Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Wanda Ya Mayar Da Jihadi Tsarin Mulki

Cin yaƙi daban, riƙon ƙasa daban. A tarihin ƙasar Hausa da wuya a sami wanda ya fahimci wannan kamar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haife shi a shekarar 1781, ya yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi. Yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Shekara guda bayan haka ya kafa birnin Sakkwato. Da Shehu ya raba ragamar mulki a 1812, sai ya danƙa masa sashen gabas, Abdullahi kuma ya riƙe yamma.

Babban gwaji ya zo ne bayan rasuwar Shehu a 1817. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, wasu garuruwa suka janye mubaya'a, dangantaka da baffansa ta yi tsami, har sai da suka sasanta bayan yaƙin Kalambaina. Daular da aka kafa da kwarjinin mutum ɗaya ta wayi gari tana buƙatar tsari.

Tsarin da Bello ya shimfiɗa bai dogara ga tara komai a Sakkwato ba. Masarautu irin su Kano, Katsina, Zazzau, Bauci da Adamawa kowacce tana gudanar da al'amuranta. Abin da Sakkwato ta riƙe shi ne tabbatar da naɗin sarakuna, kamar yadda ya naɗa Ibrahim Dabo a Kano a 1819, da sauraron ƙarar da ta gagara, da karɓar kason dukiya. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ne tsani, wasiƙa kuwa ita ce igiyar da ta ɗaure daular. A bakin iyaka ya kafa garuruwan ribaɗi, ya zaunar da makiyaya, ya sa aka dasa makarantu da kasuwanni.

Bai bar sarakuna su yi mulki da ka ba. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin neman mashawarta na gari, tallafa wa masu sana'a, da gyaran hanyoyi da kasuwanni.

Ya rasu a Wurno a 1837, ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi, tsarin kuma ya ɗore har zuwan Turawa a 1903.

A yau da muke ta muhawara kan rabon iko tsakanin Abuja da jihohi, ya kamata mu tuna cewa Bello ya sakar wa masarautu mara, amma bai sakar musu doka ba. Allah ya jiƙansa da rahama.