Sarkin Katsina Usman Nagogo, mahayin da ya kai maki bakwai

A wasan ƙwallon dawaki, wanda wasu ke kira folo, akwai makin da ake bai wa kowane ɗan wasa domin a san nauyinsa a fili. Makin yana farawa daga biyu ƙasa da sifili, ya tsaya a goma. Yawancin masu buga wasan a duniya sukan tsufa ba su haura biyu ba, waɗanda suka kai goma kuwa ƙalilan ne a kowane zamani, kuma galibinsu 'yan Ajantina ne. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya riƙe sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai bakwai. Shekara arba'in da ɗoriya bayan rasuwarsa, ba a ji wani ɗan Nijeriya da ya taka wannan matsayi ba.

Masu yabo sukan ƙara gishiri, su ce duk nahiyar Afirka babu wanda ya taɓa kaiwa nan. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin Afirka ta Kudu ta fitar da 'yan wasan da suka haura bakwai, kamar Ignatius du Plessis. Amma gyaran bai rage wa Nagogo komai ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake samun makin, da kuma zamanin da shi ya same shi.

A Amurka, inda wasan besbol ya yi sarauta, alƙalami ne ke auna mai buga ƙwallo. Ana raba yawan bugun da ya yi nasara da yawan tsayuwar da ya yi da sanda a hannu, abin da ya fito shi ne darajarsa. Wanda ya ci uku cikin goma gwani ne, kuma tun da Ted Williams ya haura huɗu cikin goma a 1941 ba a sake samun wanda ya yi haka a kaka guda a manyan gasanninsu biyu ba. Babu mai iya tauye masa wannan lissafi, ko da ba ya ƙaunarsa. Ƙwallon dawaki ba haka yake ba. Makin ɗan wasa ba adadin ƙwallayen da ya jefa ba ne. Kwamiti ne ke zama ya dubi hawansa, da ƙarfin bugunsa da saitinsa, da yadda yake karanta wasa, har da irin dawakin da yake hawa, sannan ya yanke hukunci. A shekarun da Nagogo ke tashe, ragamar wasan a Nijeriya tana hannun hafsoshin soja da jami'an mulkin Ingila. Mutanen da suka ci ƙasar da bindiga su ne suka riƙa ɗaga makin ɗan sarkin da ke ƙarƙashinsu, har ya bar mafi yawansu a baya.

An haifi Usman Nagogo a Katsina a 1905, shekara biyu bayan da Lugga ya shigo birnin. Mahaifinsa Muhammadu Dikko yana riƙe da sarautar Durbi a lokacin. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, suka ɗora Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa, waɗanda suka riƙe ta tun jihadi, ta koma gidan Sulluɓawa. Wannan ya sa Dikko ya hau gadon da wasu ke ganin ba nasa ba ne, kuma duk tsawon mulkinsa ya yi shi ne da ido biyu: ɗaya a kan Turawan da suka naɗa shi, ɗaya a kan makomar gidansa. A zamaninsa aka fara gwada tsarin Baitulmali a Katsina, tare da Razdan Palmer, tsarin da daga baya ya game Arewa. A 1921 ya yi aikin Hajji, ya kuma je Ingila ya gana da Sarki Joji na Biyar. Cikin tawagar akwai Nagogo, yana ɗan shekara goma sha shida, wanda tafiyar ta katse wa karatu a makarantar lardi ta Katsina. Ya kammala a 1923.

Shi kansa wasan baƙo ne da ya yi doguwar tafiya. Turawan Ingila sun same shi a Manifur ta ƙasar Indiya a tsakiyar ƙarni na 19, suka tsara masa dokoki a Landan, suka yaɗa shi duk inda sojansu ya sauka. An kafa kulob na Legas a 1904. Dikko ya ga wasan ya ƙayatar da shi, a farkon shekarun 1920 ya sa aka share fili a Katsina, ya hora 'ya'yansa da fadawansa. Ba a rasa dalilin saurin karɓuwarsa ba. Bayan 1903 yaƙi ya ƙare, dokin da aka saba ɗaura wa lifidi ya zama na kilisa da hawan salla kawai. Ga mutanen da suka tashi a kan sirdi, ga sanda, ga fili, ga abokin karawa Bature wanda dokar wasa ta halatta a bangaje shi kafaɗa da kafaɗa.

Wanda bai taɓa kallo ba zai ɗauka sukuwa ce da sanda. Filin yana da tsawon yadi 300, tsakanin sandunan gola biyu yadi 8 ne kacal. Mutum huɗu ke bugawa a kowane ɓangare. Ana raba wasan zango-zango, kowane zango minti 7, kuma saboda gudun da ake yi sai an sauya doki bayan kowane zango. Ƙwallon bai kai lemo babba ba. Da hannun dama kaɗai ake riƙe sanda, ko da mutum bahago ne, hagu na riƙe da linzami, kuma da gefen kan sandar ake duka, ba da bakinta ba. Mahayi yakan miƙe a kan likkafa, ya karkata jikinsa waje, ya daki ƙwallon da ke birgima a ƙasa mai gargada yayin da dokinsa ke tsananin gudu, wani mahayin kuma yana ƙoƙarin saƙale masa sanda. Akwai bugun gaba da na baya, ta dama da ta hagun doki, da wanda ake yi ta ƙarƙashin wuyansa. Mai maki bakwai shi ne wanda duk waɗannan suka zauna masa a hannu, wanda kuma ya san inda ƙwallo za ta faɗa tun kafin a buga ta.

Sai dai makin da ya ɗaukaka Nagogo bashi ne a wuyan ƙungiyarsa. A gasannin da ake bugawa bisa lissafin maki, ana tara na 'yan wasa huɗun kowane ɓangare, bambancin da aka samu a bai wa masu rauni a matsayin ƙwallaye tun kafin a jefa ƙwallo a fili. Idan ƙungiya mai maki 16 ta haɗu da mai 12 a wasan zango shida, ta fara ne ana binta ƙwallo huɗu. Duk lokacin da kwamiti ya ƙara masa maki ɗaya, ya ƙara wa Katsina ramin da za ta cike kafin ta fara maganar nasara. Ranar da bugunsa bai zauna ba, makin ba ya raguwa don tausayi. A wasan sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi, inda rashin nasara guda ke nufin a ɗaure kaya sai baɗi, begen ƙungiya ɗungum yakan rataya a kan ko babban ɗan wasanta ya buga daidai da lambarsa a wannan yammacin. Kofin da ake yi wa wannan rububi a Arewa shi ne Kofin Jojiya, na azurfa, wanda bankin Bank of British West Africa ya bayar a 1919, ake kuma bugawa a Kaduna. Katsina ta ɗauke shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a shekarun da Nagogo ke jagorantarta.

Duk wannan yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da aikin mulki. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokar En'e ta Katsina, ya ƙara musu yawa ya gina musu ofis. A 1937 ya zama Magajin Gari, hakimin cikin birni. Dikko yana da 'ya'ya da suka girme shi, amma hanyar da aka bi da shi ta nuna wanda ake shiryawa. Ba laifi ba ne a yi zaton filin wasa ya taimaka, domin a nan ne Razdan da Di'o da hafsan soja suka san shi sani na ido da ido, ba ta bakin tafinta ba. Dikko ya rasu a farkon 1944, kuma ranar 19 ga Mayu na wannan shekara Gwamna Arthur Richards ya miƙa wa Nagogo sandar sarauta. Yaƙin Duniya na Biyu na ci a lokacin, sabon sarkin ya tafi har Indiya da Bama domin ya gana da sojojin Nijeriya da ke yaƙi da Japan a dazukan can. Daga 1952 ya zama minista maras ofis a gwamnatin Jihar Arewa, ya riƙe har juyin mulkin 1966. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar da ta sa ake kiransa Sa Usman.

Akwai ɓangaren labarin da ba a cika rubutawa a allunan kulob ba. Mutum ɗaya yana buƙatar dawaki da dama domin wasa guda, ƙungiya kuwa barga ce sukutum. Kowane doki yana cin dawa da dusa da harawa, yana shan kanwa, yana da yaron da ke wanke shi, ya yi masa kilisa da asuba, ya kwana kusa da turkensa. Albashin sarki da na hakimai daga Baitulmali yake fita, shi kuma Baitulmali haraji da jangali ke cika shi. Kudancin masarautar, daga Matazu da Musawa zuwa Malumfashi ta Galadima da Funtua ta Sarkin Maska, shi ne rumbun hatsi da auduga. Can aka kafa injinan gurzar auduga, can jirgin ƙasa ya ratsa ta Funtua a ƙarshen shekarun 1920. Manomin Matazu da ya kai audugarsa ma'auni domin ya sami kuɗin haraji wataƙila bai taɓa ganin Kofin Jojiya ba, amma da guminsa a cikin ƙarfin masarautar da ta ɗauko shi. Abin da ya gani shi ne hakiminsa yana shirin tafiya birni da dawaki ranar hawan salla.

Wannan ne ya sa ba kowa ke kallon En'e da idon sha'awa ba. Jam'iyyar NEPU, da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, ta gina kiranta a kan koken talaka game da haraji da kotunan alƙalai da 'yan doka, kuma ta sami masu saurare a garuruwan kasuwa irin su Funtua. Nagogo yana ɗaya ɓangaren, a majalisar zartarwa tare da Sardauna. Mai son a yi masa adalci sai ya riƙe abu biyu tare: gwanintarsa a kan doki tasa ce, babu baitulmalin da zai saya wa mutum saitin hannu, amma damar da ta ba gwanintar fili ba kowane ɗan Katsina ne ya same ta ba. Yara nawa ne a ƙauyukan kudu da suka iya hawa ba sirdi, waɗanda ba a taɓa miƙa musu sanda ba?

Shekaru goma sha biyar na ƙarshen mulkinsa na raguwar iko ne. A watan Janairun 1966 soja suka kashe Sardauna, aka naɗa ɗan Nagogo, Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa, ɗa ya zama shugaban gwamnatin da uba ke ƙarƙashinta. A 1967 aka yanka jihohi, Katsina ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna. Gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, 'yan dokar da ya taɓa shugabanta aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Muƙamin da bai kuɓuce masa ba shi ne na shugaban Ƙungiyar Ƙwallon Dawaki ta Nijeriya, wanda aka ba shi na tsawon rai.

Ya rasu ranar 18 ga Maris, 1981, shekara shida kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina. Ɗansa Muhammadu Kabir Usman, shi ma ɗan wasa, ya gaje shi har zuwa 2008, sannan jikansa Abdulmumini Kabir Usman. Janar Hassan, wanda ya rasu a 1995, ya ci gaba da riƙon wasan a ƙasa bayan ya ajiye kaki. Filin ƙwallon dawaki na Katsina yana ɗauke da sunan Nagogo, haka ma kwalejin nazarin Larabci da addinin Musulunci da ke birnin.

Wasan kansa ya sauya hannu. Attajirai da bankuna ne ke ɗaukar nauyin manyan ƙungiyoyi a yau, a Kaduna da Legas da Kano da filin Fifth Chukker na Kangimi. Dawakin gida da Nagogo ya yi suna a kansu sun koma na ƙananan gasanni, na manyan kofuna daga Ajantina ake shigo da su a jirgin sama. Idan ƙarshen kaka ya matso, ƙungiyar da ke hangen Kofin Jojiya takan ɗauko hayar ƙwararre daga can, mai maki shida ko bakwai, ya zo ya buga mata makonni kaɗan, a biya shi ya koma.