Hubert Ogunde: Mutumin da ya mayar da tsoron mayu kasuwa

An haifi Hubert Adedeji Ogunde a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a shekarar 1916. Mahaifinsa limamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa boka ne mai bin addinin gargajiya na Ifa. Daga gidajen nan biyu ya ɗebo abin da ya ciyar da shi har ƙarshen rayuwarsa: waƙar coci da sanin asirin gargajiya.

Ya fara da koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda. A tsakiyar shekarun 1940 ya ajiye kaki, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo mai yawo gari-gari. Wasansa Strike and Hunger ya ɗauki yajin aikin ma'aikata na 1945, Bread and Bullet kuma ya ɗauki kisan masu haƙar kwal a Inugu a 1949. Na biyun ya jawo masa fushin hukuma a Kano, inda aka hana nuna shi. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyarsa wasa saboda Yoruba Ronu, takunkumin da bai ɗage ba sai a 1966.

Da shekaru suka ja, sai ya koma ga silima. A 1979 ya fito da Aiye, wanda Ola Balogun ya ba da umarni: labarin gumurzu tsakanin wani boka mai kare al'umma da ƙungiyar mayu. Jama'a sun yi tururuwa zuwa kallo, domin abin da ake nuna musu a majigi tsoro ne da suka taso da shi a gida. Ba a jima ba ya biyo da Jaiyesimi, ci gaban labarin. Talla ba ta yi masa wuya ba: sunan Aiye da fuskarsa sun isa su cika zaure. Ya kuma riƙe dabarar da ya saba da ita tun zamanin dandali, wato ɗaukar fim ɗin daga gari zuwa gari ana nunawa, kuɗin ƙofa na shiga hannun mai shi. Aropin N'Tenia ya biyo a 1982, Ayanmo a 1988.

Nasarar ta buɗe ƙofa ga sauran 'yan wasan Yarbawa, har fina-finan mayu da tsafi suka cika kasuwa. Masu sharhi sun koka cewa hakan na ƙara dasa camfi a zukata, muhawarar da ta bi fina-finan bidiyo bayansa.

A 1986 Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa aikin kafa ƙungiyar wasanni ta ƙasa. Fim na ƙarshe da ya fito a ciki shi ne Mister Johnson, wanda aka ɗauka a Arewa. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, yana da shekara 73.